Yadda Jami'in Tsaro Zai Tunkari Mai Fushi ko Mai Makami, Ya Koma Gida Lafiya

Duk wanda ya taɓa tsayuwa bakin ƙofa da kaki a jikinsa ya san wani irin shiru da ke zuwa gab da ɓarkewar rigima. Mutum yana ta kumfar baki, yana nuna ka da yatsa, sai ka ji ya yi tsit. Ya sunkuyar da haɓa, ya ja ƙafa ɗaya baya, idonsa ya bar fuskarka ya koma kan ƙugunka. Sabon ma'aikaci zai ɗauka ya huce. Wanda ya ga jiya ya ga yau kuwa, a daidai lokacin ne yake ja da baya taku biyu, domin ya san baki ya gama nasa, saura hannu.

Na rubuta wannan ne domin duk wanda aikinsa ke haɗa shi da mutane a ranar da ransu ya fi ɓaci: ɗan sanda, maigadi, mai tsaron asibiti ko makaranta, jami'in hanya, ɗan kwana-kwana, ma'aikacin motar ɗaukar marasa lafiya. Wani yana da bindiga, wani kulki, wani kuwa daga shi sai usur da tocila. Amma abin da ke mayar da su gida lafiya iri ɗaya ne, wato tazara da lokaci. Tazara tana ba ka lokaci, lokaci kuma yana ba ka damar tunani da magana da jiran agaji. Kowane mataki a nan hanya ce ta samun waɗannan biyun, ko ta hana kanka zubar da su.

Mataki na 1: Gama shirinka kafin ka karɓi aiki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin wanda ka canza ya tafi, danna oba-obarka ka ji an amsa, kada ka wadatu da ganin wutarta tana ci. Kunna tocila. Taɓa aljihunka ka tabbatar akwai safar hannu ta roba da bandeji, da maɗaurin tsayar da jini in wurin aikinku yana bayarwa. In an ba ka rigar sulke, sa ta ko da zafi ake yi. Sannan ka tambayi wanda ka karɓa: wa ya yi faɗa yau? Wa aka kora ya ce zai dawo? Wace ƙofa ce kwaɗonta ya lalace?

Zagaya wurin da ƙafarka, ko da kullum nan kake. Ka san ƙofofin fita, da lungun da haske ba ya kaiwa, da inda oba-oba ba ta kamawa, da ɗakin da ake iya kullewa ta ciki. Ku kuma ajiye wata kalma tsakaninka da abokan aikinka wadda baƙo ba zai gane ba. In ka ce "a kawo mini jan fayil", sun san kana neman ɗauki ne ba tare da ka harzuƙa wanda ke gabanka ba.

Abu na ƙarshe a nan a ka yake. Duk lokacin da aiki ya lafa, tambayi kanka: in wani ya shigo ta can da adda, ina zan bi, wa zan fara fitarwa? Ƙwaƙwalwar da ta taɓa amsa wannan tambaya a natse ba ta cika daskarewa ba ranar da abin ya zo da gaske.

Mataki na 2: Duba kafin ka kutsa

Wani tsohon hafsan sojan Amurka mai suna Jeff Cooper ya kasa farkawar hankali zuwa launi 4. Fari shi ne wanda bai san abin da ke gudana a gefensa ba. Rawaya shi ne wanda yake a natse amma idonsa na yawo. Ruwan lemo shi ne lokacin da wani abu takamaimai ya ja hankalinka har ka fara tsara abin da za ka yi. Ja kuwa, abin ya riga ya zo. Mai aikin tsaro a rawaya ya kamata ya wuni. Babu abin da ke jefa mu cikin fari a zamanin nan kamar waya. Wanda kansa ke sunkuye a kanta, sai an zo dab da shi yake ankara.

In an kira ka wurin rigima, kada ka faɗa tsakiya da gudu. Tsaya daga nesa na 'yan daƙiƙu. Sanar ta oba-oba inda kake da abin da ka gani. Mutum nawa ne? Wa ke faɗa, wa ke zuga, wa ya yi shiru a gefe yana kallonka? Akwai kwalba, dutse, ƙarfe ko kujera kusa da hannun wani? Ta ina za ka fita in ta dagule?

Sannan hannu. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, gaskiya ne, amma fuska ba ta soka wuƙa. Hannun da ke cikin aljihu, ko a bayan cinya, ko wanda yake ta komawa yana shafa ƙugu, shi ne abin kallo, domin mai ɗauke da makami yakan riƙa taɓa shi ba tare da ya sani ba. Sauran alamun da ke riga duka zuwa: dunƙule hannu, cire agogo ko hula a ajiye, naɗe hannun riga, kai-komo, waige-waige don ganin ko akwai shaida, da matsowa kaɗan-kaɗan alhali ana magana. Alama ɗaya ba hujja ba ce. In uku suka haɗu, ƙara tazara ka kira ɗauki.

Mataki na 3: Tsayuwa da tazara

A 1983 wani sajen na 'yan sandan birnin Salt Lake City a Amurka, Dennis Tueller, ya gwada wani abu mai sauƙi. Ya ga cewa ƙwararren jami'i yana buƙatar kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya zaro bindiga ya harba, kuma a cikin wannan ɗan lokacin lafiyayyen mutum yana iya cinye ƙafa 21 da gudu, wato mita 6 da ɗan ɗoriya. Wasu sun juya wannan gwaji ya zama kamar izinin harbin duk wanda ya matso da wuƙa. A ganina sun karanta shi a baibai. Darasin da ke ciki shi ne tazarar da kake gani da yawa ba ta da yawa, don haka ka fara motsi da wuri, ka sa wani abu tsakaninka da mutumin.

Da mai fushi da ba ka ga makami a hannunsa ba, tsaya inda ko ya miƙa hannu ya ƙara taku ɗaya ba zai same ka ba. Kada ka fuskance shi ƙirji da ƙirji kamar 'yan dambe. Karkata kaɗan, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, in kana da makami ɓangaren jikinka da makamin yake ya kasance nesa da mutumin. Hannayenka su kasance a buɗe a gabanka, sama da ƙugu: a idonsa alamar lallashi ce, a wurinka kuwa garkuwa ce da ke shirye. Kada ka harɗe su a ƙirji, kada ka zuba su a aljihu. Teburi, mota, benci, ƙyaure, duk abin da zai sa ya zagaya kafin ya iso ka, riba ce.

Kada bango ya kasance a bayanka, shi ma kada ka tare masa ƙofa. Wanda ya ga ba shi da mafita, ta kanka zai bi.

In ku biyu ne, ku raba aiki tun kafin ku isa. Ɗaya ne kawai zai yi magana, ya karɓi takarda, ya yi tambaya. Ɗayan ya tsaya gefe, ba ya rubutu, ba ya sa baki, aikinsa kallon hannaye da abin da ke bayan ɗan'uwansa. Mutum biyu suna ba da umarni lokaci guda, wannan ya ce "zauna" wancan ya ce "matso", rikita mutum kawai suke yi, rikitaccen mutum kuwa ba a san abin da zai yi ba.

Mataki na 4: Kama kanka

Da zarar jiki ya ji haɗari, sinadarin adirenalin yana kwarara cikin jini. Zuciya ta hau dukan uku-uku, gani ya ƙuntata har ba ka ganin gefe, kunne ya toshe, yatsu su kasa aiki mai laushi kamar zura makulli. Wannan ba ragwanci ba ne, haka aka halicci kowa. Maganinsa na nan take shi ne numfashi: shaƙa ta hanci kana ƙirga huɗu, riƙe huɗu, fesar ta baki huɗu, dakata huɗu. Yi haka sau uku ko huɗu tun kana hanya. Ka riƙa juya kai hagu da dama da gangan don ka buɗe ganinka.

Abin da ya fi adirenalin haɗari shi ne girman kai. Za a zage ka, a zagi iyayenka, a ce albashinka bai kai kuɗin man motarsa ba. Ka riƙe a ranka cewa kakin yake zagi, da wani ne a wurin shi zai sha. Ranar da ka ji kalmar "ni za ka gaya wa haka?" tana tasowa daga ƙirjinka, ka san tazararka ta fara raguwa, kuma kai kake rage ta.

Mataki na 5: Magana

Nan ne mafi yawan aikin yake, kuma nan ne aka fi gajarta mana horo. Sashen FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, mai sasantawa da masu garkuwa da mutane yana koyar da abin kamar tsani mai hawa 5: ka saurara da gaske, ka nuna ka fahimci halin da mutum yake ciki, yarda ta shiga tsakaninku, sannan maganarka ta fara tasiri, sannan halinsa ya canza. Kuskuren da muke yi kullum shi ne tsalle daga ƙasa zuwa hawa na biyar. Muna isowa sai "fita daga nan!", alhali mutumin bai ga dalilin da zai sa ya ji maganarmu ba.

Ga yadda na taɓa ganin wani dattijon abokin aikina ya yi a ƙofar wani asibiti. Wani magidanci ne ya zo yana dukan ƙyaure da tafin hannu, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi, mutane sun fara taruwa. Abokin nawa ya tsaya gefe kamar taku uku, ya sassauta murya.

"Baba, sannunku. Ni ne a ƙofar nan yau. Wa aka kawo muku?"

"Ɗana ne a ciki! Awa biyu ke nan ba wanda ya ce mini uffan!"

"Awa biyu ba labari. Ai dole hankalinku ya tashi, Baba. Yaya sunan yaron?"

Ya faɗi sunan, muryarsa na rawa. Tun daga nan dukan ƙyaure ya tsaya, don mutum ba ya iya amsa tambaya yana ihu lokaci guda.

"Ba zan yi muku ƙarya ba, ba ni da ikon shigar da ku ɗakin tiyata. Abin da zan iya shi ne in aika yanzu a kira nas ta fito ta yi muku bayani. Za ku zauna nan ne, ko mu koma can gefe inda ba hayaniya?"

Suka koma gefe. Bai fi minti biyu ba duka.

Duba abin da ya faru. Ya gabatar da kansa, ya ba mutumin girmansa. Ya yi tambayar da ba a amsa ta da "i" ko "a'a". Ya maimaita masa maganarsa don ya san an ji shi. Ya ambaci abin da ke ransa ba tare da ya ce yana da gaskiya wajen dukan ƙofa ba. Ya faɗi abin da ba zai iya ba, ya faɗi wanda zai iya, ya kuma cika. Sannan ya ba shi zaɓi biyu waɗanda duk wanda ya ɗauka daidai ne. Wanda aka ba zaɓi yana jin har yanzu shi ke da kansa, kuma sau da yawa abin da mai fushi yake nema ke nan.

Janye shi daga idon jama'a yana da muhimmanci ƙwarai. Mutumin da zai sauko cikin sauƙi ku biyu, ba zai sauko ba in abokansa ko matarsa ko wayoyi goma suna kallo, don a wurinsa saukowar ta zama cin fuska. Ko dai ka gusa da shi, ko abokin aikinka ya gusar da 'yan kallo. Ka bar masa hanyar da zai fita da mutuncinsa. In ya juya zai tafi yana ƙunƙuni, bar shi ya yi. Kada ka bi shi da kalmar ƙarshe.

Akwai kalmomin da suke kamar zuba fetur: "kwantar da hankalinka", "ba ruwana", "doka ce kawai", "ka san da wa kake magana?", "me za ka iya yi?" Haka nan nuna mutum da yatsa, dariya, da yi masa alkawarin da ka san ba za ka cika ba. Magana zarar bunu ce. In ya ɗaga murya, kai ka sauke taka, ka rage sauri. Sau da yawa zai biyo ka ƙasa don ya ji abin da kake cewa. Shiru ma kayan aiki ne: bayan ka yi tambaya, ba shi lokaci, kada ka cike gurbin.

In lallashi bai ci ba, bi da shi daki-daki. Roƙe shi. Faɗa masa dalili. Faɗa masa abin da zai biyo baya ta kowane ɓangare, ba da sigar barazana ba: "Malam, in ka fita yanzu magana ta ƙare a nan. In ka ƙi, dole in kira 'yan sanda, ni kuwa ban so ta kai can ba." Sannan ka tambaye shi karo na ƙarshe ko akwai abin da za ka yi da zai sa ya ba da haɗin kai. Sai bayan nan ne za ka ɗauki mataki, kuma abin da ka ce za ka yi, shi za ka yi.

Masu ganin wannan rauni ne, ga abin da aka auna. A birnin Louisville na Amurka an horar da 'yan sanda kan wannan salon na ja da baya, neman lokaci da magana. Binciken da masana daga Jami'ar Cincinnati suka fitar a 2020 ya nuna amfani da ƙarfi ya ragu da kashi 28 cikin 100, raunin farar hula da kashi 26, raunin su jami'an kansu kuwa da kashi 36.

Mataki na 6: Tambayi kanka ko ciwo ne

A farkon aikina na taɓa daka wa wani matashi tsawa sau uku ya tsaya, bai ko waiwayo ba. Raina ya ɓaci, na bi shi na cafki kafaɗarsa ta baya. Ya juyo a firgice ya kai mini naushi. Ashe kurma ne. Har yau ina tuna tsoron da na gani a idonsa, kuma tun ranar ban sake taɓa mutum ta baya ba.

Ba duk wanda ya ƙi bin umarni ne mai taurin kai ba. Mai ciwon suga in sugansa ya faɗi yakan yi gumi, ya yi tangaɗi, harshensa ya harɗe, ya yi faɗa, ka rantse maye ne. In yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, abu mai zaƙi yakan dawo da shi. Wanda ya suma kuwa ba a sa masa komai a baki. Mai farfaɗiya bayan ta sake shi yakan ɗauki lokaci bai san inda yake ba. Haka wanda ya bugu a ka, da tsohon da mantuwa ta kama.

Mai taɓin hankali yana buƙatar ƙarin tazara da ƙarin haƙuri. Mutum ɗaya ya yi magana, gajerun jimloli, umarni ɗaya a lokaci guda. A kashe jiniya, a rage fitila a fuskarsa. In ya ce yana jin muryoyi, kada ka ƙaryata shi, kada kuma ka ce kai ma kana ji, ce masa, "Ni ba na jin su, amma na ga suna tsorata ka." Bayan 'yan sandan Memfis sun harbe wani mai taɓin hankali da ke riƙe da wuƙa a 1987, birnin ya kafa rukunin jami'ai na musamman a 1988 masu horon awa 40 kan irin wannan kira, tsarin da garuruwa da yawa suka kwaikwaya daga baya.

Mataki na 7: In makami ya fito

Faɗi da ƙarfi don kowa ya ji: "Wuƙa!" Ja baya ta gefe, kada ka yi ta tafiya da baya a miƙe, domin mai gudu gaba ya fi ka sauri kuma za ka iya tuntuɓe. Sa abu tsakaninku. Fitar da mutane, rufe ƙofa in akwai, kira ɗauki. Kada ka yi yunƙurin ƙwace wuƙa da hannu sai in an ritsa ka babu wata hanya. In shi kaɗai ne a wuri kuma ba wanda yake kusa da shi, ba abin gaggawa. A killace wurin, a ci gaba da magana daga nesa.

In bindiga ce, ka san bambancin abin da ke ɓoye ka da abin da ke tare harsashi. Labule, ƙofar katako da ƙofar mota suna ɓoyewa ne kawai. Katangar kankare, ginshiƙi mai kauri da ɓangaren injin mota su ne suka fi tarewa. Ga wanda ba shi da makami, shawarar da hukumomin Birtaniya ke bayarwa ita ce gudu, ɓuya, sanarwa; ta Amurka kuwa gudu, ɓuya, sannan faɗa in ba makawa. Ka fita da duk wanda zai bi ka, a bar kaya. In ba hanyar fita, a kulle ƙofa, a jibga mata kaya masu nauyi, a kashe fitila, a kashe ƙarar waya har da girgizarta, a nisanci ƙofar. Da ka sami dama ka sanar: ina ne, mutum nawa, wane irin makami, wace irin sutura, ina suka nufa, mutum nawa suka ji rauni. In jami'ai masu makami sun iso, hannunka ya zama a buɗe ba komai a ciki, don ba su san ka ba.

Jakar da aka yar kuma take da alamar tambaya, kada ka taɓa ta, kada ka buɗe. Ƙa'idar Birtaniya ita ce a janye mutane aƙalla mita 100 in ƙaramar jaka ce, 200 in akwati ne ko ƙaramar mota, 400 in babbar mota ce, kuma kada a yi amfani da waya ko oba-oba a cikin mita 15 da ita. A nisanci gilashi. In wani abu ya fashe, hana mutane rugawa kallo, domin akan dasa na biyu saboda masu kawo agaji.

Mataki na 8: In dole sai an sa ƙarfi

A 1990, a birnin Habana na ƙasar Kuba, taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙa'idojin amfani da ƙarfi da bindiga ga jami'an tsaro. Gundarinsu: a fara da hanyoyin da ba na ƙarfi ba, in an sa ƙarfi ya zama daidai da girman haɗarin, bindiga sai in akwai barazanar kisa ko mummunan rauni da ke gab da aukuwa, jami'i ya bayyana kansa ya yi gargaɗi in hali ya ba da dama, a gaggauta ba wanda ya ji rauni magani. Sun kuma ce "umarni aka ba ni" ba ya wanke wanda ya san umarnin ya saɓa doka ƙarara kuma yana da damar ƙin bi. Maigadi mai zaman kansa ikonsa bai kai na ɗan sanda ba, saboda haka ka san iyakar da dokar ƙasarka ta ja maka.

Da zarar turjiya ta tsaya, ƙarfi ya tsaya. Dukan huce haushi laifi ne.

Ina roƙon kowa ya riƙe wannan: mutumin da aka kwantar ruf da ciki, aka danne bayansa ko wuyansa, yana iya mutuwa a hannunka ba tare da ka doke shi ba, domin ƙirji da ciki ba sa samun wurin buɗewa. Haɗarin ya fi yawa ga mai ƙiba, da wanda ya sha wani abu, da wanda ya gaji da kokawa. Da an sa ankwa, a juya shi ta gefe ko a zaunar da shi, wani ya tsaya yana kallon numfashinsa. In ya ce ba ya iya numfashi, yarda da shi. Iya magana ba ya nufin iska tana isar sa. Ranar 25 ga Mayu 2020 a birnin Minneapolis na Amurka, wani ɗan sanda ya danne wuyan wani mutum mai suna George Floyd da gwiwa fiye da minti 9, ya yi ta cewa ba ya iya numfashi, daga ƙarshe ya mutu. An ɗaure wanda ya danne shi, an kuma ɗaure sauran jami'ai 3 da ke wurin. In ka ga abokin aikinka ya wuce gona da iri, dafa shi ka ce, "Ya isa, bar mini shi."

Mataki na 9: Tsayar da jini

Babbar jijiya in ta yanke, mutum na iya mutuwa cikin kimanin minti 5, kafin kowace mota ta iso. Tabbatar wurin ya lafa, sa safar hannu, nemo inda jinin ke fita, danna da dukan ƙarfinka da bandeji ko tsumma mai tsabta. In ramin mai zurfi ne a cinya, hammata ko kafaɗa, cusa bandejin ciki ka ci gaba da dannawa. In a hannu ko ƙafa ne kuma jinin yana tsartuwa, ɗaura maɗauri santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, ka murɗa har jinin ya tsaya. Zai yi ihu don zafi, kada ka sassauta. Rubuta lokacin da ka ɗaura. Wuƙar da ta maƙale a jiki ba a zare ta, a tallafe ta da bandeji ta gefe-gefe.

Wannan haƙƙin kowa ne, har da wanda ya kawo maka harin.

Mataki na 10: Bayan ƙura ta lafa

Fara da jikinka. Shafa ƙirji, ciki, hammata da baya, ka duba tafin hannunka, ku kuma duba juna, domin wanda aka soka sau da yawa yana ɗauka naushi ne. Rawar jiki, tashin zuciya, ko kuka bayan an gama, duk adirenalin ne ke sauka.

Rubuta rahoto da abin da idonka ya gani da abin da kunnenka ya ji. "Ya yi mini barazana" ba ya gamsar da alƙali. "Ya dunƙule hannun dama, ya matso taku biyu, ya ce zai kashe ni" yana gamsarwa. Sa lokaci, sa sunayen shaidu, sa abin da ka faɗa kafin ka taɓa shi. Inda ka manta ka ce ka manta, kada ka cike da zato. Ko abin da ya kusa faruwa bai faru ba, rubuta shi, don wanda zai karɓe ka ya san fuskar da zai kula da ita.

In an ce za a haɗu da kai a waje, ɗauke ta da gaske: sanar da shugabanka, canza hanya da lokacin tafiya gida, cire kaki kafin ka fita, daina sa hotonka da wurin aikinka a Facebook.

Rashin barci da yawan firgita na 'yan kwanaki abu ne da aka saba gani. In ya haura wata guda, ko ka ga kana huce haushi a kan iyalinka, ko ka fara neman abin da zai gusar maka da tunani, je ka ga likita. Abokin aikin da kuka shiga abin tare kuma, kada ka wadatu da "lafiya lau" ɗin da ya ce maka a ranar. Kira shi bayan kwana uku, ka tambaye shi ko yana samun barci.